Karatun Inna Rifkatu a Gure

Ni Talatu ban taɓa zama a aji ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba. Faɗi nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mani magana. Yadda aka tashe mu daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina ba shi zan ba da ba, kowa ya ji irinsa har ya gaji. Mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana maza kowa ya ja iyalinsa ya nemi inda zai raɓa, ni kuwa ba a haife ni don in zauna ɗakin suruka ina jiran a zubo mani ba. Daga bakin iyaka zan fara.

A Kwangwalam na gamu da matar da ake ce wa Hajiya. Sunanta na gaskiya ban ji ba har muka rabu. Tara mata take, wai akwai aikin gida a Damagaram, wanki da girki, ci da kwana. Tun a nan na lura ba ta kallon fuskar mutum. Ƙafa take kallo da kafaɗa, yadda ake duba jaki a kasuwa. Na gani na bi ta, don ba ni da wata hanyar. Ta karɓe katunanmu na shaida, ta ce ita ta san bakin ma'aikatan iyaka, mu dai mu rufe namu.

Gidan da ta sauke mu a Damagaram cike yake da mata da ƙananan yara. Da farko ido na sa. Yaro zai faɗi ya fasa kuka, matar da ke goye da shi ɗazu ko waiwaye ba ta yi. Uwa ba ta haka, ko da muguwa ce. Na ja wata 'yar wajen Kance gefe na tambaye ta, ta faɗa mani ƙasa-ƙasa: ba aikin gida ba ne, arewa za a haura da mu ta cikin hamada, a ba kowace mace yaro, ta zauna bakin titi tana miƙa hannu.

Na tarar da Hajiya tana shan shayi, na ce ta ba ni katina da jakata. Ta ce da furfurar nan wa zai ɗauke ni aiki, in gode Allah ma da ta tsince ni. Na ce mata hannuna tuƙi ya sani da wanki, bai koyi miƙewa ba, kuma ba da tsufa zai koya ba. Ta ce to ga hanya nan, amma kati da jaka sun zama ladan kawo ni. Da zanen jikina na fita, sai mayafi.

Ƙafa ta kai ni tasha, rumfar wata mai tuwo, Mariyama. Ban roƙe ta ba. Tsayawa na yi na duba kwanukanta, na ce ba su fita ba, ga miyar jiya nan a bakin wannan. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙo mani soso. A rumfar nan na yi ta kwana har sanyi ya wuce, kuma ba ta taɓa tambayata me ya hana ni alwala ba. Rannan dai muna tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Iya, ke mai Lahadi ce ko?" Na ce e. Ta ce akwai wani mai cin tuwonta in ya shigo gari, Iliya, shi ma irinmu ne, ma'aikacin dabbobi a Gure. Kullum yana daji, yau Alakos, gobe Bune, yana bin shanu da allura, matarsa kuma tana aiki a nan Damagaram. Tsohuwarsa, Inna Rifkatu, ta ƙi barin Gure, 'yan matan da yake kai mata duk gudowa suke. Mariyama ta ce ita dai ta ga wadda za ta iya.

Ya kamata in faɗi yadda nake da Allah a lokacin. A gida ni 'yar zumuntar mata ce, ni ke ɗaga waƙa, ni ke buga tulu. Littafi Mai Tsarki kuwa na ɗauka na fasto ne da 'yan boko, su karanta ranar Lahadi, mu mu ce amin. Da aka watsa mu, ba majami'a, ba tulu, ba mai karantawa, sai addu'ata ta ƙanƙance ta koma "Allah ka gani." Da ita nake kwanciya, da ita nake tashi.

Da Iliya ya shigo gari muka daidaita, ya sa ni a motar haya, shi ya bi ta aikinsu. Bayan Mirya ƙasa ta fara sauya mani, itatuwa suna ja da baya, rairayi yana matsowa. A Gidimuni motar ta mutu. Muka zube ƙarƙashin wata aduwa rana tana dukanmu, ga kwari can ƙasa kore shar da rake da dabino kamar ba a ƙasar ba. Wata mata da ba ma jin bakin juna ta karya rakenta ta ba ni wajen gindi, inda ya fi zaƙi. Na lura da wannan, ban manta mata ba.

A shingen gaba jandarma ya ce kowa ya fito da kati. Na miƙe tsaye ba ni da abin nunawa, ya ce in sauko da kayana. Sai wani tsohon Buzu da ke zaune kusa da ni, siriri kamar sanda, ya yi magana ta cikin rawani, ya ce matarsa ce, katin yana gida. Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya ɗaga hannu. Da muka yi nisa na ce wa tsohon na gode, amma ya sani a matsayin miji ya yi mani rama da yawa. Ya ce shi ma tsoro ne ya sa shi, ya ga in aka bar ni a nan jandarman ne zai sha wuya. A Gidigir ya sauka, ban sake ganinsa ba.

Gure ta ba ni wuya. Rairayi a tuwo, rairayi a shimfiɗa, ka share tsakar gida ka juya ya dawo. A kasuwa ana mani Hausa, in na ba da baya a koma Manganci, yaren mutanen garin, ni kuma ba na son maganar da ban ji ba. Na yi kewar daddawar hannuna, na yi kewar masara ɗanya, na yi kewar a kira ni da sunan ɗana na fari. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, mai saƙar tabarmar kaba, ita ta fara leƙo ni ta kan katanga da ƙwaryar fura, ta koya mani "wushe," gaisuwarsu. Da kalmar nan kaɗai na yi wata guda ina gaida gari.

Inna Rifkatu 'yar ƙaramar tsohuwa ce, mutuniyar wajen Maraɗi, aikin mijinta ya kawo su Gure, a nan kuma aka binne shi. Ranar da na iso ta ce, "An ce ke ma faɗa gare ki. To, ƙanwata, mu ga wa zai gaji."

Washegari na ga abin da ke korar 'yan matan. Ladan na kiran asuba take tashi, ta ce shekara da shekaru yana tashinta bai taɓa neman lada wurinta ba. Ta wanke fuska, ta durƙusa shiru har gari ya yi haske, sa'annan ta fito da tabarma ta buɗe Littafin. Kuma duk wanda ke gidan sai ya zauna, ko wuta ba a hurawa sai an gama. Karatun nata ba irin na fasto ba ne. A hankali take yi, da ƙarfi, ta tsaya, ta koma baya, ta yi tambaya kamar mai maganar yana zaune gabanta. Wani lokaci har gardama take: wannan ya yi mani tsauri, Ubangiji, sake faɗa mani. In ta gama sai addu'a, suna bayan suna, Iliya da shanun da yake bi, Ya Falmata da ciwon bayanta, ladan, mai kawo ruwa, matar da ta zage ta a kasuwa. Daga ƙarshe ta ɗebi magana ɗaya cikin abin da ta karanta, ta ce wannan ce guzurin yini. Tana ɓarar gyaɗa tana tauna ta, tana kaɗa miya tana tauna ta. Da almuru ta zauna ta faɗi inda ta yi mata amfani da inda ta kasa bin ta.

Ni na ga masu ibada da yawa, na kuma ga inda ibadar take tsayawa. Saboda haka na sa mata ido, ina jiran ranar da za ta tsallake. Ranar zazzaɓi a kwance ta yi, Littafin bisa ƙirji. Ranar da baƙi suka kwana ta yi, suna zaune suna hamma. Ranar da aka bugo waya ƙanenta ya rasu na ce yau kam sai dai kuka. Ta yi kukan, da safe kuma ta fito da tabarma. Ta karanta muryarta na rawa, ta rufe, ta ce wa Allah ba ta ji daɗin abin da ya yi ba, kuma ya sani, amma ga ta ta zo. Tun daga ranar na daina jiran ta tsallake.

Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninmu. Da ta ji labarin ƙauyenmu sai ta sa mutanen da suka tashe mu cikin addu'a, da Hajiyar Damagaram. Tana kaiwa nan nake tashi in bar mata tabarma. Ba ta yi mani wa'azi ba. Da na gaji na ce, "Inna, ba ki ga abin da suka yi ba."

Ta ce, "Shi ya sa ni nake yi. Ke zauna kawai, ban ce ki ce amin ba."

Idonta kuwa, tun kafin a faɗa mani na gane. Tabarmar kullum ƙara matsawa take wajen rana. Littafin da yake kan cinya ya dawo bakin hanci. Ya Falmata za ta shigo, sai ta yi magana Inna ke sanin ko wace ce. Iliya ya kai ta likita a Damagaram, aka ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu. Ya dawo mata da 'yar rediyo mai karanta Littafin tun daga farko har ƙarshe. Ta saurara kwanaki, ta ajiye. Ta ce mutumin ciki gudu yake kamar an biyo shi, ta ce ya tsaya bai tsaya ba, ta yi mashi tambaya bai amsa ba. Da rana takan kunna shi ya taya ta hira, amma safiya ba tasa ba ce. 'Yan majami'ar garin kuma ma'aikata ne, yau suna nan gobe an ɗauke su, babu mai zuwa gidan tsohuwa kowace asuba. Ba ta taɓa cewa tana tsoro ba. Amma nakan gan ta ta gama karatu ta bar tafin hannu bisa shafin, ta daɗe.

Wata Asabar ta shiga suna gidan Ya Falmata, ni kuma na ce yau ɗakin nan zai san na zo. Na fitar da komai, na kakkaɓe, na share. Da na ɗauki Littafin sai na gan shi cike da shara: tsinkayen kaba, guntayen zare, gashin zabo, ɓawon albasa, busasshen ganye. Raina ya ɓaci. Na ce dubi yadda 'yan matan nan suka bar Maganar Allah, kaza ma ta fi wannan gyaran sheƙa. Na kama shi ta baya na girgiza, na bi shi na hure, na goge bangon da tsumma mai tsabta, sharar kuma na zuba a murhu.

Da safe ta zauna, ta ɗora shi a cinya, yatsunta suka bi gefen shafukan. Suka je ƙarshe suka dawo. Suka sake. Sai ta tambaye ni, ba da faɗa ba, ko na taɓa Littafin. Na ce na gyara shi.

Sa'annan ta faɗa mani cewa ta jima ba ta ganin lambobi da sunayen da ke saman shafi. Da yatsa take neman wuri. Gashin zabo zaburar da aka karanta ranar binne mijinta ce, jan zare wurin da ta buɗe ranar haihuwar Iliya, kaba mai ƙulli ɗaya wa'azin kan dutse, mai ƙulli biyu labarin Rut. In yatsa ya kai ta, sai ido ya tsinci abin da zai iya, ka ya cika sauran.

Ni ba mai kuka ba ce. Na ce bari in je in samo gashin zabo. Ta yi dariya har da tari, ta ce gashin zabo ya cika Gure, wurin sa shi ne ban sani ba. Sai ta buga tabarma kusa da ita.

"Tunda kin share mani hanya, ke za ki riƙa kai ni. An ce kanki na riƙe waƙa. Zauna."

Haka muka fara. In Iliya ya shigo gari ya nemo mata wuraren ya sa sababbin tsinkaye, ita kuma ta jira rana ta take sosai, ta manna ido a shafi, ta ciro magana guntu-guntu tana ba ni, ina maimaitawa. Wadda aka ba ni yau da ita nake daka, da ita nake jan ruwa, gobe da asuba in kawo ta cif. Ba ta da sauƙi, ni ma ba ni da shi. Nakan sa kalmar garinmu inda na ga ta fi daɗi, ta ce ba a ƙara wa Littafi gishiri, in mayar yadda yake. Nakan ce ita ce ta yi tuntuɓe jiya, ta ce 'yar Najeriya ko a gaban Allah sai ta yi ciniki. Ya Falmata tana jin mu ta katanga, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin masu ibada da faɗa irinmu ba.

Tsere muke da hasken idonta, mu duka mun sani. Wani wurin mun kai, wani ba mu kai ba. Zabura da dama sun shiga, da wa'azin kan dutse, da labarin matar bakin rijiya, wanda nake so don ta iya mayar da magana. Rut kuwa ta ba ni haushi da farko, na ce wace irin mace ce za ta bar garinsu ta bi tsohuwa. Ban san lokacin da abin ya fara aiki a jikina ba. Na dai ga addu'ata ta yi tsawo, na sami abin faɗa wa Allah ban da ƙara. In addu'ar Inna ta kai kan mutanen nan da suka tashe mu kuma na daina tashi. Amin ɗin ce har yau wata rana ta fito, wata rana ta ƙi.

Kafin bazara ta ƙare idon ya rufe. Farin ƙofa kawai take gani. Da asuba ta riƙe Littafin, ni in faɗa, ita ta tsayar da ni inda take so, ta yi tambayarta, ta yi gardamarta, ta ce koma baya in koma.

Ana haka babban ɗana Bulus ya bugo ta wayar Iliya. Ya ce mutane sun fara komawa ƙauye, ya gyara ɗakina, in zo kafin ruwa ya sauka a yi shuka da ni. Ina jin haka na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasarmu har cikin maƙogwaro. Iliya ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Inna ce ta yi magana. Ta ce in tafi, ɗa ya kira uwa ba a tsayawa shawara, kuma ba ta zuba mani Magana don ta ɗaure ni da ita ba. Ta ce matan ƙauyenmu ma ba su da mai karanta masu, in kai masu. Na nemi wata 'yar rawa a muryarta ban samu ba. Na ɗaure kayana, Ya Falmata ta kawo mani tabarma sabuwa da ƙullin dabino.

Ranar tafiya ta hana ni zama. Ta ce in je in yi shirina, gara ta fara sabawa tun ina nan. Na tafi, amma bayan zana na tsaya ina kallo.

Ta lallaɓa ta shimfiɗa tabarmar da kanta, a karkace. Ta buɗe Littafin a cinya, kai ƙasa, ni da ban iya karatu ba ma na gani. Ta ɗauko zaburar da ke maganar ɗaga ido wajen duwatsu, ta fara da ka, tana tafiya daidai. A tsakiya ta tsaya. Ta koma farko, ta zo wurin, ta sake tsayawa. Na ga leɓenta na motsi, babu abin da ya fito. Ta san ina cikin gidan, kira ɗaya ya isa. Ba ta kira ba.

Sai ta ɗora hannu bisa shafin ta ce, "To, Ubangiji, iyakar abin da ka bar mani ke nan yau. Na gode. Shi zan ci." Ta maimaita rabin nan a hankali, ta mai da shi guzurin yini, ta shiga addu'a. Sunana ta fara kira, da hanya, da direba, da jandarman shinge, da gonar Bulus.

Na ajiye ƙullin kayana a gindin zana, na zo na zauna a wurina. Na juya mata Littafin daidai, na ɗauko daga inda ta tsaya na kai ƙarshe.

Ta ce, "Ƙanwata, mota za ta tafi ta bar ki."

Na ce, "Ta tafi. Bulus ya iya shuka, ni na koya mashi. Ke kuma tun a farko kin tsallake magana guda, ina ji. Koma baya, Inna."

Ta goge fuska da bakin zane. Ta koma baya.